Gadar Shafi na Goma Sha Huɗu

Ranar Talata da safe na faɗa kogi har gwiwa, a daidai wurin da littafin makarantar 'yata ya ce akwai gada. Ban ji ciwo ba, sai dai takalmin ƙafar hagu ya bi ruwa, ina jin yanzu ya kusa teku. Na fito na jingina da allon marmara da ke bakin gaɓa, wanda aka rubuta wa da ruwan zinariya cewa an kammala wannan aiki domin jin daɗin al'umma. Gaskiya na ji daɗin allon, don ba don shi ba da ban sami abin dafawa in matse safa ba.

Kiran makaranta ne ya fito da ni. 'Yata Zornitsa tana aji bakwai, kuma Malama Gocheva, mai koya musu tarihi da labarin ƙasa, ta aiko cewa uba ya zo. An ba su aikin gida ne: farar taswirar garinmu, babu komai a kai sai layin kogi da 'yan alamomi a ƙasa, a cike ta da tituna da coci da tashar jirgi da duk abin da gari ya mallaka. Yarinyar nan ta kwashe Asabar da Lahadi tana yawo da fensir, har rijiyar bayan makabarta ta zana. Aka dawo mata da takarda da jan biro, maki biyu. Kun san dai a Bulgeriyar nan tamu shida ce ƙololuwa, biyu kuwa faɗuwa ce warwas. Laifinta guda ɗaya ne, ba ta sa gada ba.

Wanda ba ɗan gari ba zai ce me ya hana ta. Tsohuwar gadarmu ambaliya ta tafi da ita shekara tara da suka wuce. Tun daga nan mai zuwa tsallake, inda makaranta take, ko dai ya zagaya kilomita goma sha ɗaya a bas, ko ya bi ta kan duwatsu yana addu'a. Amma kada wani mai baƙin ciki ya ce manyanmu sun naɗe hannu. An buɗe sabuwar gada har sau uku, kowane buɗi wata biyu kafin zaɓe. Shugaban garinmu na lokacin, Mai Girma Sarkin Almakashi na farko, ya kafa ginshiƙi ɗaya, ya yanka ƙyalle. Magajinsa ya kafa na biyu, ya yanka. Na uku, wanda ke kan kujera yanzu, Allah ya ƙara masa lafiya, bai tsaya ɓata lokaci da siminti ba, allon marmara ya kawo. Kowane karo an zo da 'yan badujala, fada, wato limamin coci, ya yayyafa ruwan albarka, 'yan mata sun miƙa burodi da gishiri, an tuntsurar da tulun tagulla a gaban manya don aiki ya tafi kamar ruwa. Ya kuwa tafi.

Bara sai aka buga ɗan littafi mai sheƙi a kan garinmu, aka raba wa ɗalibai, da hoton Sarkin Almakashi a bangon gaba da na baya, kada yaro ya juya littafi ya yi kewarsa. A shafi na goma sha huɗu ga gada nan garau, da fitilu, har da wata mata tana tura keken jariri a kai. Na daɗe ina neman matar nan a gari in tambaye ta ta ina ta hau.

Ina cikin matse safa sai ga muryar maƙwabcina Bai Stamen, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, daga gindin ginshiƙi na biyu, inda yake kamun kifi tun da ya ajiye aiki.

"Balabanov, kai kuma da kaya kake wanka?"

"Gada na bi, Bai Stamen."

"To ai kai ka jawo. Ba ka iya hawa ba ne. Gadar nan ba da ƙafa ake hawanta ba, da katin jam'iyya ne."

Na gaya masa maganar makin Zornitsa. Ya ja sigari, ya dubi ƙugiyarsa, ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Manya uku sun ga gada, ita wace ce? Ni dai kada a gama ta, kifi na son inuwar ginshiƙin nan."

Na isa makaranta da takalmi ɗaya. Malama Gocheva mace ce mai kirki, shekara talatin tana koyarwa, ita ta koya mini sunayen kogunan duniya har na manta su. Ta dubi ƙafata, sai ta tura kujera baya ta nuna mini ƙarƙashin teburinta. Dogayen takalman roba ne, jiƙe sharkaf.

"Ni ma ta can nake biyowa, Malam Balabanov."

"To, Malama, tunda kin sani, ina laifin yarinya?"

"Ni ba gada aka ce in duba ba, takarda aka ce in duba." Ta zaro wata takarda mai tambari. "Ga amsoshin da aka aiko daga sama. Abu na bakwai, gada. Taswirorin nan za a kafe su a zauren gari ranar bikin gari, kuma kafin nan mai duba makarantu zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Saura mini shekara biyu in huta."

Ta ƙara da cewa ko a darasin tarihi yarinyar ta ba ta wahala. An tambayi ranar da aka buɗe gada, Zornitsa ta ɗaga hannu ta ce wacce daga ciki? Aji ya fashe da dariya, kuma a ajin akwai jikar Sarkin Almakashi.

Nan na kawo dabara, don ni mai gyaran injin wanki ne, na saba da lallaɓa abin da ya lalace. Na ce a ƙasan taswira ai akwai alamomi: miƙaƙƙen layi na abin da ke nan, layi mai ɗigo-ɗigo na abin da ake kan ginawa. Yarinya ta yi ɗigo-ɗigo mana, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Malama ta cire tabarau ta goge. "Ɗigo-ɗigo ma'anarsa ba a gama ba. In ba a gama ba, me aka buɗe sau uku? So kake yarinya 'yar shekara goma sha uku ta ƙaryata manya uku da fensir? Gara ma da ta bar wurin fari, sai a ce mantuwa ce."

Daga nan ta gaya mini babbar maganar. Wannan biyun za ta ja makin Zornitsa na ƙarshen shekara ƙasa, kuma makin labarin ƙasa yana cikin abin da ake haɗawa wajen shiga makarantar koyon harsuna ta birni, wadda yarinyar ke mafarki tun tana aji huɗu. Bara da ɗan abin da bai kai rabin maki ba aka bar 'yar mai kantin magani a baya. Malama ta miƙo mini sabuwar farar taswira. "Zuwa Juma'a. Miƙaƙƙen layi biyu, in mai da shi shida, in yaga tsohuwar. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Na komo gida a bas, don mai takalmi ɗaya ba ya jarumta. Na ajiye takardar a teburin kicin na yi wa Zornitsa bayani da muryar da manya ke yi wa talakawa bayanin ƙarin kuɗin mai.

Ta ce, "Ba zan zana ba."

"Layi biyu ne kawai, 'yata."

"Babu gada, Baba. Kai ma ka faɗa ciki."

"Na sani. Amma in kiɗa ya canza..."

"Kai ne fa kake rubutawa a jarida kowane mako cewa ƙarya suke yi. Kai ka ce mini ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ko a jarida kawai ne?"

Mutum ya yi hattara da karin maganar da yake faɗa a gaban 'ya'yansa, don ajiyewa suke yi. Matata Nevena tana tsaye tana yanka barkono, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Kai ka cika mata kai da wannan surutu, kai za ka kwashe. Gaskiyarka ta shafin jarida ce, washegari a naɗe kifi da ita. Makarantar yarinyar nan kuwa sau ɗaya ake shiga."

Laraba ta wuce ba wanda ya sake ta da maganar. Zornitsa ta sake zana komai tsaf, tituna da coci da rijiyarta, ta bar wurin gada fari fes. Ranar Alhamis bayan abincin rana na ɗauki fensirinta na fiƙe, na ɗora rula a kan kogin. Tana zaune a gabana, ba ta hana ni ba, ba ta kuma ɗauke ido ba. Na ja layi ɗaya, na ja na biyu, na lanƙwasa bakinsu kamar yadda alamar ta nuna. Minti huɗu aikin ya ci. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan minti huɗun ba, ko ranar da na ƙone wa matar fada injin wanki.

Ta ɗauki takardar ta duba, ta ce, "Ta yi kyau, Baba. Ka iya." Ta saka a jaka.

Ranar Juma'a ta dawo da shida. Ta ajiye a kan tebur, uwarta ta gasa mata banitsa, wainarmu ta fulawa mai cuku, don murna, ta ci yanka ɗaya ta tashi. Da can a kicin take aikin gida, tana jefo mini tambayoyi, wane kogi ne ya fi tsawo, wane sarki ne ya gaji wane. Yanzu a ɗakinta take yi, ƙofa a rufe. Mai yiwuwa ta shiga makarantar birni, ina kuma roƙon Allah ta shiga.

Saboda haka, jama'a, wannan makon manyanmu su sha kuruminsu, ba ni da ƙorafi a kansu. Shekara tara ina tambaya a wannan shafi, wane irin mutum ne zai dubi ruwa yana gudu ya sa hannu cewa akwai gada? Ranar Alhamis na gan shi ido da ido. Ba shi da ƙaho, ba shi da mota mai jiniya. 'Ya gare shi a aji bakwai, kuma hannunsa ko rawa bai yi ba.