Rigar da Ba Ta Ga Gumi Ba

"...ya gajiyar ƙarya kuma? Ka samu barci, ko ita ma ta bi ka gado?"

"Lafiya lau, Uwar Kumfa. Ya ruwa? Ya dattin jama'a?"

Haka suke gaisawa tun suna yara. Shi ɗan gwaggonta ne, ita 'yar kawunsa, taubasai ke nan, babu mai raga wa wani. Ita ce ke da shagon wanki da guga a bayan tashar mota, kuma ita ke wanke wa ƙungiyar ƙwallon garin jesunanta. Shi kuwa shafin labaran ƙwallo gare shi a intanet, shi ya sa dangi suka laƙaba masa Edita, rabi girmamawa rabi shaƙiyanci.

Yau dai ba wasa ya kawo Edita ba. Kamfanin cacar da ke ba shi talla ya janye, kuma in wata ya ƙare bai samu wani mai talla ba, za a rufe shafin da ya yi shekara shida yana raino. Ya zaga gari har takalminsa ya buɗe baki, kowa sai ya ce masa zai kira. Saura taubashiyarsa kaɗai, wadda shi da ya roƙe ta gara ya haɗiye dutsen guga. Ya samu bokiti ya kifa ya zauna, yana ta gyaran murya.

"Tashi min daga kan bokiti, shi yana da aikin yi," in ji ta, ba ta ko ɗago daga gugar da take yi ba.

"Ke yanzu babban ɗan jarida ya shigo shagonki, ko ruwa babu?"

"Ga na ɗauraya can, sha ka ƙoshi. Ɗan jarida! Shekaranjiya na ga ka rubuta, wai ba za ku yarda da abin da koci ya yi ana tsakiyar wasa ba. Na ajiye guga na danna. Tallan caca ya fito. Na sake dannawa, maganin basir. Na sake, maganin ƙiba. Sai da datata ta kusa ƙarewa sannan na iso labarin. Ashe ruwa koci ya sha!"

"To ƙarya na yi? Bai sha ba?"

"Ka sa na ƙona wandon mutane a kan kurɓin ruwa. Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ke ba ki san kan sana'ar ba. Na taɓa kwana uku ina rubuta sharhi a kan yadda 'yan bayanmu ke barin gefen hagu a buɗe. Sharhi na gaske, har da zane. Kin san wa ya karanta? Ni da gwaggonki. Ita ma hotuna ta duba. Da na rubuta cewa gola zai tafi ƙasar waje, wayata har zafi ta ɗauka."

"Golan da sau uku ina yi wa wandonsa faci? Wannan ko tashar nan ta gabanmu bai taɓa wucewa ba."

"Majiya ce ta shaida min."

"Majiyarka ai na san ta. Yunwa ce."

Edita ya yi dariyar yaƙe, don maganar ta same shi a inda yake ciwo. Ya ga in ya biye mata rana za ta faɗi bai faɗi abin da ya kawo shi ba, sai ya rufe ido ya saki.

"Alheri na kawo miki. Zan sa tallan shagonki a saman shafina. Dubban mutane za su gani. Ki ba da abin da ya sawwaƙa duk wata."

Ta dangwarar da dutsen guga, ta riƙe ƙugu. "Oho! Ashe bara ce ta sa rigar arziki. 'Yan caca sun gudu ke nan? Kai, ka kai maƙura. Mutanen da ko kunya ba su da ita sun ji kunyar zama da kai."

"Ba gudu suka yi ba, sake tsari suke."

"Ni da nake sayar da tsafta, in kai sunana shafin da ya fi kwatar nan ƙazanta?"

"Ai masu ƙazanta su ne kwastomominki. Ni nake tara miki su wuri guda."

"Bakinka dai bai mutu ba. To tsaya in tambaye ka. Wasan ranar Asabar, ka je?"

"Ni? A bakin layi na tsaya. Har alƙalin wasa sai da ya ɗaga min hannu."

"Madalla. Kai ne ka rubuta cewa lamba tara ya ɓarar da ƙwallo uku, daga shi sai raga, har ka ce a bincika ko sayen sa aka yi?"

"Abin da idona ya gani ke nan."

Ta shiga ciki ta jawo wani ƙaton kwando ta dire a gabansa, warin gumi ya bugi hancinsa har sai da ya kau da kai. Ta fara ɗago riguna ɗaya bayan ɗaya.

"Ga lamba huɗu, taɓo har wuya. Ga bakwai, an yage masa hammata. Ga ta golanka na ƙasar waje, kamar an yi shara da ita." Sai ta zaro wata daga ƙasa, a ninke tsaf. "Ga tara. Shinshina."

"Ni kare ne?"

"Kare ai yana zuwa wurin da abu ya faru. Shinshina, na ce!"

Ya shinshina. Ƙamshin sabulu ne kawai, ga karin guga nan a miƙe kamar yanzu aka ɗauke dutse.

"Yadda na kai ta haka ta dawo," in ji ta. "Bawan Allah yana gida da kumburarriyar gwiwa, ko benci bai zauna ba. Wani ne ya buga a gurbinsa da lamba sha tara. Jiya matarsa ta zo karɓar zannuwanta, a nan inda kake zaune ta yi kuka. 'Yan kallo sun je sun yi ta jifan ƙofarsu, suna kiran mijinta maci amana. Da ƙafa ɗaya ya sayar da wasan, Edita, ko daga kan gado?"

Edita ya kau da kai daga rigar. Gaskiyar ita ce wata biyar rabonsa da filin wasa, domin kuɗin mota da na shiga sun fi abin da labari guda ke kawowa. A ɗakinsa yake zama, ya tsinci abin da mutane ke zubawa a waya, ya ɗauko jerin 'yan wasan makon jiya, ya zuba gishiri ya saki. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma abin haushin a gaban wannan matar.

"Wani ne ya rubuta tara," ya ce a hankali. "Ƙila sha tara ya nufa, lamba ɗayan da ke gaban taran ya faɗi a hanya."

"Ɗaya ya faɗi a hanya, ya faɗo a kan gidan mutane."

"In na ce zan je kowane wasa, shafin ba zai ciyar da kansa ba. In na zauna a ɗaki, ga abin da ake samu. Ke ki faɗa min yadda zan yi, tunda kin fi kowa sani."

Ta dube shi, ta ga yau babu zolaya a fuskarsa, sai ta yi tsaki don kada tausayi ya nuna. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ciro wani kati mai igiya ta wurga masa a cinya.

"Katin masu kai kaya ne. Duk Asabar buhu biyu nake kaiwa, bayana ya gaji. Ka ɗauka a ka, ka shiga ta ƙofar 'yan wasa, babu mai tambayar ka ko sisi. Ka zauna bayan benci ka buɗe waɗannan idanun naka na ado. Talla kuma zan bayar, amma sunan shagona ba zai zauna a kan labarin da ba ka gani ba. Ranar da na sake danna abu na tarar da koci yana shan ruwa, ranar zan janye."

"Edita guda, da buhun wanki a ka?"

"Kan ai dama babu komai a cikinsa, gara a ɗora masa wani abu. Kuma kafin ka taɓa katin nan, fito da waya. Rubuta cewa ba ka je ba, mutumin bai buga ba, ƙarya ka yi masa."

"In sa cewa an samu ɗan kuskure..."

"Ƙarya. Harafi biyar ne, ko in rubuta maka?"

Ya ciro wayar. Ya san wasu mabiyansa za su watse, wasu su yi ta yi masa dariya har shekara. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, sannan ya miƙa mata. Ta goge hannu a zani ta karanta a hankali, tana motsa leɓe, har ƙasa.

"To, barka," in ji ta. "Wata biyar, yau shafinka ya ɗauki labarin gaskiya guda ɗaya. Shi ma cewa yake mai shafin maƙaryaci ne."

Dariya ta ƙwace wa Edita har bokitin ya goce da shi. "Kin ci, Uwar Kumfa. Wallahi kin ci."

Ya karɓi wayar ya danna ya tura, sannan ya tambaye ta layin da gidan lamba tara yake.