Cindo da Shari'ar Ɗorawa

Da Malam Jatau ya rasu, ya bar wa matarsa Kande ɗansu Cindo, da tsohon jaki, da bishiyar ɗorawa a bakin gona. Da kalwar bishiyar nan Kande take yin daddawa, da daddawar suke cin tuwo. Shi kuwa Cindo, ga ƙarfi ga ladabi, amma abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, ƙanen marigayin, Baffa Nomau, ya tashi ya ce ɗorawa a gonarsa take.

Wata rana aka kai maganar gaban mai unguwa. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa bishiyar nan sai an raba gardama." Cindo ya ɗauki sanda ya tare a gindinta, ya kori awaki, ya kori tsuntsaye. Da mai unguwa ya zo duba iyaka, gajiya ta sa ya jingina da ita. Cindo ya sungume shi ya dire gefe, rawani ya warware.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa."

Mai unguwa ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, a tafi gun dagaci.

Wata rana dagaci ya ce, "Ku kawo mini wanda ya san iyakar nan tun da can." Sai ga Cindo janye da jaki har cikin zaure.

"Kai, wannan fa?"

"Shi ke raka Baba gona kullum. Tambaye shi, ni dai ya ƙi gaya mini."

Jaki ya kama tabarmar dagaci da ci. Dagaci ya ce su tafi kotu, kuma kada su dawo.

Wata rana a kotu alƙali ya ce, "Yaro, abin da idonka ya gani kaɗai za ka faɗa. Kai ne ɗan marigayi Jatau?"

Cindo ya sosa ƙeya. "Allah gafarta malam, ban ga lokacin da aka haife ni ba."

Nomau ya ce, "To, kun dai ji da kunnenku!" Kande ta rufe fuska da mayafi. Alƙali ya ɗage zama. Magatakarda, wanda ya wuni kan shari'ar akuya da keke, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ranar zama ku zo da abin da ake rigima a kai."

Nan fa kan Cindo ya ɗaure. Mai unguwa ya ce kada a taɓa, kotu ta ce a zo da ita. Wata rana dabara ta faɗo masa: zai haƙo ta da ƙasarta duka, ba sai ya taɓa ta ba. Ya ja da baya sosai, har cikin kunyoyin Nomau, ya shiga haƙa rami kewaye da ita.

Nomau ya sheƙo a guje. "Kai, sakarai! Haƙa ko'ina, ban da nan!"

"Baffa, kotu ce ta ce."

Cindo bai fasa ba. Maganar ta kai kunnen alƙali, ya zo gani da ido. Ya leƙa ramin, sai ga duwatsun iyaka jere reras, waɗanda Jatau ya kafa da hannunsa, an binne su da sabuwar kunya. Ɗorawa kuwa tana can ɓangaren Kande.

Alƙali ya ce, "Nomau, wa ya yi huɗa a kan duwatsun nan?"

Nomau ya dubi ƙasa, ya dubi jaki. A nan bakin ramin aka yanke hukunci.

Cindo ya share gumi. "Inna, to yanzu in ɗauko ta, ko an fasa?"

Kande ta goge hawaye da bakin zane. "Bar ta inda ubanka ya bar ta. Hau ka kaɗo mini."