Motar Na'Allah Da Ba Ta Shan Mai

Jama'a, ranar Litinin tun da hantsi na shiga layin mai a nan Tambuwal, ban ga bakin famfo ba sai bayan la'asar. Ina isowa mai zuba man ya rataye tiyo, ya ce abin da ya rage na Masu Girma ne. Ban yi fushi ba. Rediyo ta ce ƙasarmu ta yi arzikin mai, ni kuwa na san arzikin nan inuwar giginya ne, na nesa ka sha ta.

Damuwata ɗaya ce. Ɗiyata Hindatu ta haihu a Kebbe, suna ranar Asabar, kuma an ce sunana za a sa wa jaririn. Da wane ido zan dubi surukai in ban je ba?

Ina turo babur gida sai maƙwabcina Na'Allah, mai gyaran rediyo, ya tare ni.

"Malam Gidaɗo, bar wahal da kanka. Taho ka ga abin da nika haɗawa."

Na shiga zaurensa na tarar da gadon ƙarfen matarsa Kulu bisa ƙafafun keke huɗu, da batirin mota ɗaure a wajen matashi. Ya ce mota ce mai aiki da lantarki, ɗan injin da zai juya ƙafafun kaɗai ya rage a zaɓa. Ya baje injina uku kan tabarma.

Na farko injin fanka ne. Na ce wannan ya yi, ga sauƙi ga iska. Ya ce ai wannan injin ba ya cin batir, sai wutar gari. Wutar garinmu kuwa kun san ta. An kafa turaku, an yanka sa, an yi jawabi, yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsu. Ko da ta zo ma, sai mun ja waya daga nan har Kebbe.

Na biyu injin share gilashin mota ne. Da ya taɓa shi da batir sai hannun injin ya shiga kaɗawa, dama, hagu, dama, hagu, ba gaba ba baya. Na tashi tsaye na gaishe shi, don na san irin wannan girgiza kai. Ita ake yi mini duk ofishin da na je neman taki.

Na ukun shi ne injin da ke tada mota in an murɗa makulli. Na'Allah ya samo shi wajen wani makanike, daga jikin sababbin motocin gwamnatin nan da aka jibge a rana don taya ɗaya ta sace.

"Wanga shi ad da ƙarfi," in ji shi, "sai dai shina da zafin rai."

Kulu ta leƙo daga bayan zana. "To Malam, in batirin ya ƙare, ina za ku cika shi?"

"Jikin wata mota mana."

"Ita motar da mi taka tashi?"

Na'Allah ya ce mata ba su san kimiyya ba.

Da yake ni ne marar nauyi, ni aka ɗora ranar gwaji. Na yi bisimilla, ya haɗa waya. Gadon nan ya yi wata ƙara ya zabura. Hulata ta yi nata wuri. Na wuce layin mai a guje, mutanen da suka kwana biyu ba su ga abin hawa na motsi ba suka shiga tafi. Na waiwaya na tambayi Na'Allah ina birki. Yana biye da ni da gudu ya ce birki yana cikin kashi na biyu na aikin.

Tarin karan dawar wani manomi, Atu, ne ya karɓe ni. Injin na hayaƙi, batir ya mutu, gwiwata ta kumbura.

Labari ya kai kunnen Ranka Ya Daɗe Mai Malum-malum. Washegari ya iso da jerin motoci don ƙaddamar da motar talaka, kuma don a yi wannan hidima aka ba su duk man tankar da ta shigo da safe. Ya hau gadon aka ɗauke shi hoto, ya yi alkawarin kafa kwamiti, aka sa gadon a bayan akori-kura aka tafi da shi domin nazari. Allah Ya saka masa, ai ba kowane babba ke zama kan gadon talaka ba. Kulu dai yanzu a tabarma take kwana, ba ta kuma amsa gaisuwata.

Kebbe kuwa na je, a kan jakin Atu, bayan na gyara masa karansa. Na isa an watse, an cinye ragon, amma na ɗauki takwarana na yi masa addu'a.

Roƙona gare ku, a bar maganar jakin nan tsakaninmu. In Masu Girma suka ji akwai abin hawan da ke kai talaka Kebbe, wata mai zuwa a layin harawa za mu haɗu.