Ranar da Aka Zo Mini Gaisuwar Sojan Ordinatar

Ba zan taɓa mantawa ba da wata 'yar ƙara, "tin... tin...", da ta riƙa fitowa daga ɗakin maigidana ina tsakar shara. Ashe tsohuwar ordinatar ɗinsa ce, wato kwamfuta, ya bari a kunne ya tafi lakwal (malamin tarihi ne a nan Tawa, kuma yakan manta da komai ban da hularsa). Na shiga don in kashe ta. Allah ne shaidata, kashewa na je yi.

A gilashin akwai wani fili an yanka shi gida-gida kamar ramukan dara, ga 'yan sojoji ƙanana kowa tsaye a gidansa, ba mai motsi. Faransancina na kolej ya ishe ni in karanta abin da ke ƙasa: wai ni ake jira. Haka wasan yake. Ka matsar da naka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da iya takun da aka yanka masa, sannan ka danna, abokan gaba su yi nasu kana kallo. Na ga wani ya tsaya a fili, ya ba ni tausayi, na ce bari dai in kai shi bayan bango.

Wata biyu na yi ina yaƙi. Ni da ke hana yara wasan salula, ni da ake kira in yi wa amare nasiha! Da an watse an tafi lakwal, in ɗora tukunya, in yi walaha, in shige ɗaki. (Maigidan ya sani, dariya kawai yake yi. Shi tura su yake su mutu, ni kuwa sai in yi awa guda ina nema wa mutum ɗaya mafaka.) Cikinsu akwai wani ɗan ƙarami mai ɗaukar jakar magani. Tun yaƙin farko muke tare, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba.

Wata Laraba da hantsi na yi kuskuren taku da shi. Gida ɗaya tak. Ina dannawa sai ga su uku sun ɓullo ta bayan tudu. Ban san lokacin da na fito tsakar gida hannu a ka ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Sun kewaye shi! Wayyo, yaro ƙarami, sun kashe shi!"

To, duk unguwa an san ƙanena Isufu soja ne, yana can arewa. Kuma a wajenmu, in mace ta yi irin wannan salati, ba a tsayawa tambayarta wa ya rasu, tabarma ake ɗaukowa. Ban gama share hawaye ba maƙwabciyata Maman Sani ta faɗo ta rungume ni.

"Haƙuri, Maman Nana. Kar ki ce komi, mun jiya."

Na buɗe baki, ta danna kaina a kafaɗarta. Kafin azahar tsakar gidana ta cika da hijabai. Wata ta ƙarasa mini girki, wata ta aiko da ƙwaryar fura.

Me ya hana ni magana? Kunya. Duk wadda ta shigo sai gaskiyar ta ƙara nauyi a bakina. Suna cewa "Allah shi jiƙan shi," ina cewa amin (ina ta istigfari a zuci, don har yau ban san hukuncin amin ɗin nan ba).

Sai ga Iya Rabi. Tsohuwa ce da bara aka kawo mata jakar ɗanta daga bakin daga, shi kuwa ba a kawo shi ba. Ta zauna dab da ni, ta riƙe hannuna cikin nata.

"Ɗiyata, kwana ukun farko ba ki jin komi. Daga baya abin ka zuwa. In ya zo, aiko a kira ni."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Amma ko a lokacin ban yi magana ba, sai da na jiyo Maman Sani a zaure tana ce wa mijinta, "A samo kabu-kabu a tahi Affala a ɗauko tsohuwa. A ce mata dai jikarta ce ba lahiya." Mahaifiyata ke nan, mai hawan jini, wadda ba yarinya ba ce balle ta kasa gane irin wannan aike.

Na miƙe zumbur. "Don Allah kar a tahi! Isuhu lahiya lau yake."

Maman Sani ta ce, "To wa ya rasu?"

Na ɗaga labulen ɗakin, na nuna musu gilashin. Ga shi nan kwance a gidansa, bai kai ƙwayar wake ba.

Wata ta yi dariya ta mayar da ita tari. Maman Sani ta riƙe haɓa. "Ke Maman Nana! Don wanga ƙwaro na baro shinkahwata bisa wuta?"

Iya Rabi kuwa ta lalubo takalmanta, ta ce, "Alhamdu lillahi da ba gaskiya ba ne," ta fita. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya dai, in za ki yi wa abin da ba shi da rai kuka, ki rufe ƙofa ki yi shi ƙasa-ƙasa. In kuma an zo da tabarma, ki faɗi gaskiya kafin a shimfiɗa ta biyu.

Ana naɗe tabarmi 'yata Nana mai shekara takwas ta dawo daga lakwal, ta ji komai a bakin mata. Ta aje jakarta, ta shiga ɗakin ta danna wasu wurare biyu, sai ga mutumina tsaye da jakar maganinsa. Ta ɗago ta dube ni.

"Mamma, ai naki ana komawa baya a ɗauko shi. Na Iya Rabi ne babu inda ake dannawa."