Baƙon da Tuuli Ta Kai wa Kakanta

"An tashi lafiya, tsoho? Ko baƙon ya gudu ya bar ka?" in ji Tuuli.

"Ina ma ya gudu," in ji kakanta Veikko, yana zuba mata kofi. "Ke dai Allah ya isa tsakanina da ke."

Wannan ne karo na farko da masu bikin littattafai na birnin Kuopio suka damƙa wa Tuuli babban baƙo, wani shahararren marubuci Ba'amurke, kuma in ya yi ƙorafi, ba za su sake ba. Ta karance littattafansa kaf, ta ga duk jarumansa masu gudun mutane ne, sai ta yanke cewa shi ma haka yake. Shi ya sa ta hana shi otal, ta kawo shi bakin tafki wurin kakanta, wanda maƙwabta ke gane ya gaishe su in ya ɗaga gira.

Veikko ya shiga lissafa laifukan baƙon. Ya rungume shi a bakin ƙofa. Ya kori kifin tafkin da labarin matansa na da. Har a sauna, ɗakin wankan tururi, inda mai hankali ke zama ya yi gumi ya yi shiru, ya tambaye shi yadda yake ji a ransa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce zafi."

"Kai ma ai da laifinka. Wa ya ga wannan fuska taka ta busasshen kifi bai yi ƙoƙarin ceto ba?"

"Fuskar da kika gada? Ke da aka biya wa makaranta ki karanta mutum, kika karanto shi a juye."

Ta ce marubuta kan ɓuya a cikin jarumansu. Ya ce wannan dai ya sa su shiru ne don ya samu filin magana.

Tuuli ta ajiye kofin. "Kaka, tsakani da Allah, zai kai ƙarata?"

Veikko ya ɗan dube ta, sannan ya ce baƙon ya tafi iyo, kuma ya roƙi a ƙara masa kwanaki. Wai duk Amurka bai taɓa samun mai sauraronsa haka ba, ba katsewa, ba gardama.

"Kai ɗin?"

"Na'urar ƙara ji ta kunnena na cire tun ranar da ya zo."

Ta yi dariya har da hawaye, ta yarda ta sha kaye. Tana goge ido ta lura na'urar tana maƙale a kunnensa. Tun rasuwar kakarta ba a yi surutu a gidan nan ba.

"To yau me ya mayar da ita?"

Veikko ya yanko mata burodin kifi, ya tura gabanta.

"Bai gama labarin matarsa ta uku ba," ya ce. "Ci, makauniyar bokanya."