Rasuwar Ivonete, Kwamfutar da Ta Riƙe Muryar Yayana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Josimar Prates, a madadin kaina da iyalina da tsofaffin 'yan ƙwallon Layi na Bakwai a unguwar Eldorado, garin Contagem, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu Ivonete. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe uku na rana a kan teburin gyaran Dona Zuleide, bayan jinyar kwana biyu. Ta rasu tana da shekara goma sha tara, ko da yake wasu sassan jikinta sun girme ta nesa ba kusa ba.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Yayana Valdecir ne ya haɗa ta da hannunsa daga tarkacen da wani ofishi ya zubar, ya zaunar da ita cikin akwatin katakon tsohon rediyon mahaifinmu. Aikinta ɗaya ne a duniya, kwaikwayon tsofaffin injinan wasan da muka yi ƙuruciya muna leƙe ta tagar gidajen masu hali. Takan shiga rigar kowannensu, ta yi kiɗansa, ta yi tafiyarsa, har da 'yar gardamar da yakan yi kafin ya tashi. Ba ta taɓa neman sabon kaya ba, ba ta taɓa raina talabijin mai ƙusumbin da aka haɗa ta da shi ba. An ɓarar mata da ruwan kofi a jiki sau biyu ta yafe.

Wasanni dubu huɗu ta riƙe, kuma duka ana iya samo su a wani wuri. Guda ɗaya ne babu shi ko'ina.

Shekara shida Valdecir ya yi yana tona cikin wani tsohon wasan ƙwallo. Ya cire sunayen manyan 'yan wasa ya sa namu, mu 'yan Layi na Bakwai da muka yi shekara goma muna shan kashi a filin ƙasa. Ya yi mana rigunanmu kore da fari, ya yi wa mai tsaron gidanmu tumbi. Daga nan ya cire muryar mai sharhin wasan gaba ɗaya. Ya shiga cikin kabad ɗin kayan matarsa Marlene, ya lulluɓa da bargo don kada haushin karnuka ya shiga, ya ɗauki tasa muryar, jimla fiye da ɗari uku. Duk wanda ya taɓa zama gaban marigayiyar ya san gaisuwarta idan an kunna ta: “Ka wanke hannunka kuwa, ƙazami?” Idan ƙwallo ta shiga raga sai ta ce, “Ta shigaaa! Mai tsaron gida, je ka kira babarka!” Akwai kuma wadda ya ware wa mai lamba tara, wato ni: “Josimar ya sake aika ta gidan maƙwabta.” Shekaru na yi ina roƙonsa ya cire wannan, ya ƙi.

Shekara uku ke nan da hawan jini ya shanye wa Yaya ɓarin dama, maganarsa ta ɗauke. Mutumin da ba a iya cin abinci kusa da shi saboda surutu ya koma nuni da ido. Marlene ce ta ce in ɗauko Ivonete in kawo gidana, don ya samu dalilin fita. Kowace Lahadi sai ta kawo shi, matata Neuza ta dafa kaza da kuɓewa, mu ci, sannan mu zauna gaban talabijin. Na gyara masa hannun wasa yadda zai danna da hagu kaɗai, kuma da hagun yake cin ni. Idan muryarsa ta fito daga akwatin sai ka ga leɓensa yana bin ta. A watan jiya, da ƙwallo ta shiga, ya buɗe baki ya ce “shiga” tare da ita. Neuza ta saki faranti a kicin. Malamar da ke koya masa magana ta ce kada mu kuskura mu fasa ko Lahadi ɗaya, don kunne ya fi saurin gane muryar mai shi.

Game da ciwon ajali, an yi ta yaɗa cewa laifin surukina Gilmar ne. Na so ƙwarai a ce haka ne.

Lahadin da ta wuce Marlene ta kai Yaya gaishe da mahaifiyarta, ni kuma na gasa nama a bayan gida. Gilmar ya zo ya ci ya ƙoshi, sannan ya ce, “Wai wannan akwatin gawar ne kake ta yabo, suruki? Wayata ta fi shi wasanni.” Da na yi shiru da yanzu ba na rubuta wannan takarda. Amma na tashi na rungumo ta daga falo, na kawo ta tsakar gida don in rufe masa baki. Kowa ya san wutar lantarkin gidajenmu mai ƙarfin ɗari da goma ce, kuma a kan haka maɓallin bayanta yake. Soket ɗaya ne a duk gidan mai ɗari biyu da ashirin, wanda na sa don injin walda, mai jan murfi don ko makaho ya kiyaye. Ni ne kuma kafin Kirsimeti na yi wa bangon farin fenti, ragwancin kwance murfin ya sa na bi ta kansa da buroshi. Na soka, ta ce fat, ƙaurin roba ya rufe na nama. Ko gaisuwarta ba ta samu yi ba.

Ba a nan ta mutu ba, kuma wannan ne abin da ke hana ni cin abinci. Na ciro faifan ajiyarta na jona a kwamfutar 'yata, yana juyi yana kas, kas, kas. Na rubuta a zaurenmu na intanet na masu tsofaffin wasanni, mutum tamanin da kowa ke ganin kansa injiniya. Edvaldo, tsohon mai tsaron gidan nan mai tumbi, ya ce in naɗe shi a leda in sa a firiza ya kwana, wai na kawunsa da haka ya tashi. Mutum goma sha ɗaya suka goya masa baya. Na kwantar da shi tsakanin kifi da ƙafar kaza. Da safe na ciro shi yana raɓa, na jona, ya yi wata ƙara ƙiiii kamar ana jan kujerar ƙarfe a siminti. Na kashe na sake kunnawa. Na yi haka ya fi sau ashirin, ina roƙonsa da bakina.

Sai ranar Talata na kai wa Dona Zuleide, wadda ta shekara talatin tana gyara a bayan kasuwa. Ta juya shi a hannu ta tambaye ni me ya sa yake warin kifi. Na faɗa mata. Ta cire tabarau ta dube ni.

“Bawan Allah, wuta sumar da shi kawai ta yi. Da ka kawo min shi yadda yake, da na canja masa allon baya ka tafi da kayanka kafin abincin rana.”

Na ce ta duba dai, ko jimla ɗaya ce ta ciro min. Ni mai shekara hamsin da ɗaya na durƙusa a shagon mutane. Ta buɗe shi a gabana, ta nuna min zoben da allura ta kankare a fuskar faifan, da wata 'yar ƙura mai ƙyalli a gefe.

“Ka ga wannan ƙurar? Ita ce muryar yayanka.”

Ta tambaye ni ko ban taɓa kwafa ba. Shekara biyu da suka wuce Marlene ta sayo min filashi don wannan aikin. Yana cikin aljihun teburina, ko ledarsa ban yage ba.

Marigayiyar ta bar talabijin mai ƙusumbi, wanda ke nuna shuɗin allo tun ranar. Ta bar hannayen wasa biyu, ɗaya na mai hannun hagu. Ta bar 'yan Layi na Bakwai su goma sha huɗu, waɗanda a cikinta kaɗai suka taɓa cin kofi. Ta bar ni. Jiya na shiga kabad na lulluɓa da bargo na gwada ɗaukar jimlolin da muryata, tunda uwa ɗaya ta haife mu. Na kunna wa Neuza. Ta saurara har ƙarshe, ta shiga kicin ta buɗe famfo ta daɗe ba ta fito ba.

Ta kuma bar Valdecir, wanda bai sani ba. Marlene ta kira ni ɗazu tana dariya, wai tun Litinin yake nuna mata kalanda da yatsa don ya yi asarar Lahadi ɗaya. Na ce mata komai lafiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a bayan gidana. Za a sa faifan cikin gwangwanin kofi a binne shi ƙarƙashin mangwaro. Akwai kofi da burodin cuku. An yafe wa Gilmar, ya zo. Edvaldo ma ya zo, amma kada ya ba kowa shawara.

Kada a kawo furanni. Ku kawo wayoyinku, har da tsofaffin da suka mutu a cikin durowa, Dona Zuleide ta yi alkawarin zuwa da kayan aikinta. Shekara da shekaru kuna zuwa gidajenmu bikin haihuwa da gasa nama kuna ɗaukar bidiyon 'ya'yanku, Ivonete tana ihu a bayanku. Wani a cikinku yana da “Ta shiga” a aljihunsa bai sani ba. Ko da hayaniya, ko rabin jimla ne, ko wadda yake zagina a ciki ce, ina so. Don girman Allah ku duba yau, kada ku bari sai gobe. Kuma kada wanda ya tura wa Marlene wannan sanarwa.

Ba a sa ranar addu'ar bakwai ba tukuna, don akwai Lahadi kafin nan. Ƙarfe ɗaya Marlene za ta tsayar da mota a ƙofa, in fita in tallafo shi, ya zauna a kujerarsa ya miƙo hannun hagu. Ba zai iya tambayata ba. Zai dube ni ne kawai, ya jira.