Ranar da Na Tuhumi Tela da Takobi

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata a Gwandu ba. Sati biyu ke nan da aka sa ni cikin kwamitin sulhun ma'aurata na unguwarmu a Kalgo, ina jin kaina kamar alƙaliya (har jaka na saya ta musamman).

Ina cikin rabon waina sai na jiyo Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyarmu, tana ba wata tsohuwa labari.

"Wallahi mari ukku ya yi mata gaban jama'a, ya kulle ta ɗaki. Ya ce in ta sake zancen gidansu, da takobi za shi raba ta da kanta!"

"Wayyo, ɗiyar mutane! Da cikin nata?"

Mai ciki ɗaya na sani a danginmu, Balki, ɗiyar Inna Hajo da ke aure a Ceberu, kuma ba ta zo bikin ba. Ban tambayi kowa ba. Na aje faranti, na gyara mayafi, na fita rumfar maza inda mijinta, Malam Sani tela, ke cin shinkafarsa.

"Malam Sani, ka ji tsoron Allah! Mace mai ciki za ka zare wa takobi?"

Bawan Allah ya dube ni, loma a hannu.

"Yaya, wane takobi? Ni almakashi gare ni."

Sai ga Inna Hajo da gudu, ɗankwali a hannu.

"Ke, mi kika yi? Wasan talabijin ne, na sarakunan da! Balki na gida, ƙafa ce ta kumbura!"

Aka tuntsure da dariya har da ango. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kakarmu kuwa tsaki ta yi, ta ce masu wasan nan sun mayar da mazan da kamar ba su da aiki sai mari da sara, ita shekara hamsin ta yi da kakanmu ko tsawa bai yi mata ba.

Malam Sani ya yafe mini, har ɗinkin sallah ya yi mini kyauta. Ina nan cikin kwamiti, amma yanzu duk ƙarar da aka kawo, sai na fara tambaya ko a wace tasha aka nuna ta.